Tsanin da Ya Karye Tun Daga Ƙasa: Me Ya Sa Kujerun Sama Duk Maza Ne?

Wanda bai taɓa yin watan Afrilu a Jimeta ba, har yanzu labarin zafi yake ji.

Tun da Allah Ya dawo da ni gida bayan shekarun da na yi ina aiki a wani kamfanin rubuta manhajar kwamfuta a Ingila, tambayar da aka fi yi mini ita ce, wai mene ne bambancin can da nan? Bambanci kam akwai shi jibgi, tun daga wutar lantarki har zuwa tsawon gaisuwa. To amma yau so nake in juya tambayar, in yi magana a kan abu guda da na tarar bai canza ba ko kaɗan tsakanin can da nan. Idan aka kira taron manya a kamfanin fasahar sadarwa, irin taron da ake yanke wa za a ɗauka aiki, wa za a ƙara wa girma, ina kuma za a zuba kuɗi, to mai karatu ya leƙa ɗakin ya ƙirga kawuna. A can kwat da wando zai gani, a Abuja kaftani da hula, amma waɗanda ke cikin kayan maza ne.

Abin da na fahimta, bayan na ga abin ta ɓangarorin biyu, shi ne kafin a kai ga wannan ɗakin taro an riga an gama shari'ar tun shekaru ashirin baya, a matakin farko na tsani. Wannan mataki kuwa, a nan unguwarmu ta Alƙalawa da kasuwar Jimeta, da ido ake ganinsa.

Mu fara da lissafi

A watan Mayun 2014 ne kamfanin Google ya fitar da alƙaluman ma'aikatansa a karon farko, bayan ya daɗe yana noƙewa. Kashi 70 cikin 100 na ma'aikatan maza ne. A ɓangaren injiniyoyi da masu rubuta manhaja maza sun kai kashi 83, a kujerun shugabanci kuwa kashi 79. Da Google ya buɗe ƙofa sai Facebook da Apple da Yahoo suka bi sahu a wannan shekarar, alƙalumansu kuma Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Daga nan aka shiga alkawuran gyara, kowace shekara ana fitar da rahoto. Bayan kimanin shekara goma, mata sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na shugabannin Google. An motsa, babu shakka, sai dai tafiyar hawainiya ce.

Can ƙololuwa kuwa ko hawainiyar ba ta isa ba. Ɗauki Apple da Microsoft da Google da Amazon da Nvidia da Facebook wanda ya koma Meta: har zuwa 2025 babu ɗaya daga cikinsu da mace ta taɓa shugabanta. An yi wani lokaci da aka zaci gari ya waye. Ursula Burns ta karɓi Xerox a 2009, Meg Whitman ta karɓi HP a 2011, Ginni Rometty da Marissa Mayer suka karɓi IBM da Yahoo a 2012, sai Susan Wojcicki a YouTube da Lisa Su a AMD da Safra Catz a Oracle, su ukun a 2014. To amma bi sawunsu ka gani. Burns ta sauka, namiji ya gaje ta. Rometty ta sauka a 2020, namiji ya gaje ta. Haka Wojcicki a 2023. Da Catz ta bar kujerar Oracle a 2025, maza biyu aka ɗora a gurbinta. Wato duk wadda ta tashi a cikinsu, babu wata a bayanta da ta isa ta zauna.

Sannan a farkon 2025, da iskar siyasar Amurka ta juya, Meta ya rufe shirye-shiryensa na daidaita ɗaukar ma'aikata a watan Janairu, Google kuma ya janye ƙudurorinsa na irin wannan a watan Fabrairu. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu dawo kansa: adadin yana hawa ne muddin akwai mai ƙirgawa.

A nan gida Najeriya

Tun daga 2000, mutum huɗu ne suka riƙe Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC: Ernest Ndukwe, da Eugene Juwah, da Umar Garba Ɗanbatta, da Aminu Maida da aka naɗa a 2023. A hukumar NITDA, Isa Ali Pantami ya karɓa a 2016, Kashifu Inuwa Abdullahi ya gaje shi a 2019. Kamfanin MTN kuwa, tun da ya fara aiki a ƙasar nan a 2001 har zuwa Karl Toriola da ya karɓa a 2021, maza ne ke miƙa wa juna. In ka koma kan kamfanonin kuɗi ta waya da ake ji da su, Mitchell Elegbe ne ya kafa Interswitch a 2002, Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack a 2015, Tosin Eniolorunda da Felix Ike suka kafa wanda ya zama Moniepoint, mai na'urar POS ɗin nan da ke kowane lungu na Jimeta.

Akwai matan da suka keta, kuma ba ƙananan ayyuka suka yi ba. Da aka ƙirƙiri Ma'aikatar Fasahar Sadarwa a 2011, mace ce minista ta farko, Omobola Johnson, kodayake ukun da suka biyo bayanta duk maza ne. Funke Opeke ta baro Amurka ta dawo gida a 2005, ta kafa MainOne, ta shimfiɗo kebul mai tsawon kilomita 7,000 ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas, wanda ya fara aiki a 2010. Kamfanin Equinix ya saye MainOne a kan dala miliyan 320, aka kammala cinikin a 2022. Juliet Ehimuan ta shugabanci Google a Najeriya daga 2011, ta bar kamfanin a 2023. A 2023 ɗin kuma aka naɗa Abisoye Coker-Odusote a hukumar katin ɗan ƙasa, da Jane Egerton-Idehen a kamfanin tauraron ɗan'adam na NigComSat.

Abu biyu na lura da su a wannan jeri. Na farko, Opeke da Johnson da Ehimuan duk sai da suka yi suna a kamfanonin ƙetare, irin su Verizon da Accenture da Microsoft, kafin gida ya yarda da su. Na biyu, wanda ya fi taɓa ni, babu 'yar Arewa a cikinsu. Mukan fake da cewa ai Arewa ce gaba ɗaya aka bari a baya a harkar boko. To ai ga Ɗanbatta ɗan Kano, ga Pantami ɗan Gombe maƙwabciyarmu, ga Kashifu ɗan Jigawa, ga Maida ɗan Katsina, duk sun hau kujerun da suka fi kowace kujera a harkar. Ashe namijin Arewa ya san hanya. Ina ƙanwarsa ta tsaya?

Wai halitta ce?

Idan aka ɗauko wannan magana a majalisa, ba a rasa mai cewa ai ƙwaƙwalwar mace ba ta lissafi ba ce, su aikin jinya da koyarwa suka fi so. Tarihin kwamfutar kansa ya ƙaryata wannan. Na'urar ENIAC da aka ƙera a Amurka a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, mata shida ne suka fara tsara mata umarni, don a lokacin ana ɗaukar aikin tamkar na akawu, ba shi da girma ba shi da kuɗi. A 1984 mata ne suka karɓi kashi 37 cikin 100 na digirin kimiyyar kwamfuta a Amurka. Zuwa wajen 2010 adadin ya faɗo zuwa kashi 18. Halitta ba ta canzawa a cikin shekara ashirin da biyar. Abin da ya canza shi ne aikin ya yi kuɗi ya yi daraja, aka kuma riƙa tallar kwamfutar gida a matsayin abin wasan yara maza. A Malesiya kuwa, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, an daɗe da sanin cewa mata sukan kai rabin ɗaliban kwamfuta a jami'o'i, domin a can iyaye suna ganin aiki ne na cikin ofis da ya dace da 'ya mace.

Akwai wata mata da na fara jin labarinta a Ingila, Stephanie Shirley, wadda ta rasu a 2025. Ta shiga ƙasar a 1939 tana 'yar shekara biyar, 'yar gudun hijira. A 1962 ta kafa kamfanin rubuta manhaja da jarin fam shida. Da ta ga ba a amsa wasiƙunta na neman kwangila, sai ta riƙa sa hannu da sunan namiji, Steve, nan take aka fara kiranta. Ma'aikatanta kusan duk matan aure ne masu raino, kowacce tana aiki daga ɗakinta da fensir da takarda da wayar tarho. A cikin ma'aikata 300 na farko, uku ne kawai maza. Wannan fa shekaru sittin da suka wuce ke nan, babu intanet babu wayar salula. Duk mai cewa zaman gida da aure ne suka hana matanmu, sai ya yi mana bayanin wannan.

Mashaya a can, majalisa a nan

A kamfanin da na yi aiki, duk yammacin Juma'a in an tashi sai a zarce mashaya. Ni ba na zuwa, kowa kuma ya san dalili, babu wanda ya taɓa ce mini kanzil. Amma sau da yawa in na shigo ranar Litinin sai in tarar an riga an san wanda zai jagoranci sabon aiki, an san wanda shugaba ke yabo, taron da za a yi da ƙarfe goma cika sharaɗi ne kawai. Mu biyu ne ba ma zuwa a sashenmu, ni da wata Baturiya mai 'ya'ya biyu da ke sauri ta ɗauko su daga gidan raino kafin a rufe. Ta riga ni shiga kamfanin, kuma in manhaja ta rikice ita ake nema. A gabana aka tsallake ta sau biyu wajen ƙarin girma, aka ba samarin da ita ta koya wa aikin. Babu wanda ya ƙulla mata sharri. Kawai dai duk lokacin da ake ambaton sunaye ba ta wurin, wanda ba ya nan kuwa ba a rabo da shi.

Da na dawo gida sai na tsinci kaina a ɗaya gefen, don a nan ni ɗan majalisa ne. Bayan sallar isha'i mukan zauna a benci kusa da mai shayi, a sha iska a yi ta hira har dare ya raba. A wannan benci na ji an samu labarin makarantar da ke neman mai haɗa mata kwamfutoci, na ji an tura wani wajen wani a Abuja, na ji an ranta wa yaro jarin buɗe shago a kan amana, ba takarda ba shaida. Alheri ne ake yi, kuma da irinsa gari ke tafiya. Sai dai mace ba ta zama a wurin, al'ada ba ta yarda ba, ni ma ban ce ta zo ta zauna ba. Abin da nake cewa shi ne, in dai a bencin ake raba dama, kuma a bencin maganar ke ƙarewa, to rabin gari ba ya cikin rabon.

Yanzu mu gangara kasuwa. Mai karatu ya zaga rumfunan masu gyaran waya da ke kewayen babbar kasuwar Jimeta, ya dubi yadda ake rainon shugaba. Uba zai kawo yaro ɗan shekara goma sha uku ya ce wa mai shago, ga ɗanka nan. Yaro ya fara da shara da sayo abinci, yana tsaye yana kallo. Bayan shekara guda an ba shi canjin batir da gilashi. Bayan shekara uku yana kunce waya ya ɗaura, ya iya sabunta mata manhaja. Daga nan ubangida ya fara tafiya da shi Kano sayayya a kasuwar waya ta Farm Centre, ya san diloli su san shi. Ran da aka sallame shi da ɗan jari, yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya buɗe nasa shago, ya ɗauki yara biyu. Wannan matashi ya riga ya koyi yanke farashi, da karɓar bashi da biya, da sa wani aiki ya kuma tsawata masa. Ai shugabanci ke nan, ko da bai taɓa jin sunansa a aji ba.

'Yan mata ma suna cikin harkar, kada a ce ban faɗa ba. Za ka gan su a teburin POS, da shagunan buga takardu da fotokofi, da wajen sayar da data da rajistar layi. Amma ka dawo bayan shekara biyar, in ba ta yi aure ta bari ba, a kan kujerar da ka bar ta za ka same ta. Babu wanda ya miƙa mata sukundireba, babu wanda ya kai ta Kano, ba ta san dila ko ɗaya ba. An ba ta kujera an hana ta tsani.

Ɗiyar Addata

Wannan magana ta shigo mini har cikin gida. Ɗiyar yayata ta karanta kimiyyar kwamfuta, ta fito da sakamako mai kyau, ta yi bautar ƙasa, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke haɗa wa makarantu da ofisoshi kwamfutoci da intanet. Rana ɗaya aka ɗauke su ita da wani saurayi. A makon farko aka zaunar da ita a teburin karɓar baƙi, wai tana da fara'a kuma Turancinta ya fi fita. In aiki ya taso a Numan ko Ganye ko Mubi, maza ke shiga mota. Bayan shekara biyu saurayin nan ya zama shugaban masu fita aiki, tunda shi ya san fili, ita kuwa ta ƙware a rubuta rasit.

Wata rana ta same ni ta ce, "Kawu, ni fa ba karɓar baƙi na karanta ba. Abin da na sani ma ya fara zubewa." Ta ce wata makarantar kuɗi ta yi mata tayin koyar da kwamfuta, albashin ya ɗan fi, kuma ƙarfe biyu an tashi.

Na je na samu mahaifiyarta, na ce, "Adda, yarinyar nan in ta bar layin nan yanzu, da wuya ta dawo." Ta dube ni ta ce, "Kai ka daɗe a Turai. Ka san garin nan kuwa? Budurwa ta shiga mota da maza huɗu ta je Mubi ta kwana, ka san abin da za a ce kafin ta dawo? Kai za ka aure ta?" Ban da amsar da zan ba ta nan take, don gaskiya ta faɗa. Bakin mutane abin tsoro ne, hanya ma abin tsoro ce ga duk wanda ya ga abin da ya sami Mubi a 2014, kuma akwai iyayen gidan da ba su da amana. Duk mai son ya yi maganar ci gaban mata a Arewa ya kuma yi wa wannan tsoro dariya, ya san da kansa yake magana.

Da yake mai kamfanin mutumin kirki ne kuma muna haɗuwa a majalisa, sai na tuntuɓe shi. Amsarsa ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ya ce, "Wallahi Malam, ni mutunta ta nake yi. Ina ganin ba daidai ba ne in sa 'yar mutane hawan tsani da jan waya cikin rana. Ban taɓa zaton tana so ba." Na ce, "To ka taɓa tambayarta?" Ya yi shiru. Daga baya ya yarda a riƙa fita da ita ayyukan cikin Jimeta da Yola da Girei, waɗanda ake zuwa a dawo kafin la'asar, ya kuma ba ta kula da na'urorin abokan ciniki daga ofis ta intanet, aikin da ba ya buƙatar ta taka ko ƙofa. Adda ta amince da wannan. Ko zai kai ta inda take so, Allah ne Masani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, sai da aka samu kawu mai zama a benci kafin a yi mata tambayar da aka yi wa saurayin nan tun ranar farko. Wadda ba ta da irin wannan kawu fa?

Kada a ɗauka namu ne kaɗai. Kamfanin McKinsey yakan yi nazarin ma'aikatun Amurka duk shekara, kuma a rahotonsa na 2024 ya nuna cewa a duk maza 100 da aka ƙara wa girma zuwa manaja a karon farko, mata 81 ne suka samu. Tun daga wannan mataki ake fara rage su, a haka a haka har a kai sama a ce an duba ba a ga mace ƙwararriya ba. Wadda ta ce bari ta kafa nata kamfanin ita ma ga abin da ke jiranta: wani nazari da Bankin Duniya ya yi tare da kamfanin Briter Bridges a 2021 ya gano cewa a cikin jarin da aka zuba wa sababbin kamfanonin fasaha na Afirka tun 2013, kashi 76 ya tafi ga waɗanda maza zalla suka kafa, kashi 3 kacal ga na mata zalla.

Wa ke asara?

Wani zai ce, to mene ne a ciki, in dai waya na aiki? Bari in ba da misalin da kowane magidanci a Alƙalawa ya sani. Wayar matarka ko 'yarka ta lalace, cike take da hotunanta na cikin gida da saƙonninta. Wa za a kai wa? Saurayi a kasuwa, a ba shi lambar buɗewa, a bar masa ita ta kwana. Mata nawa ne suka gwammace su jefa waya a durowa da su miƙa ta haka? Mun kuma sha jin yadda hoton da ya fita daga waya ya kashe aure. Da akwai mace mai gyara a kowace unguwa, da layi za a yi a ƙofarta. Kasuwa ce a buɗe, amma masu shagon ba su gan ta ba, domin matsalar ba ta taɓa cizonsu ba.

Haka abin yake har can sama. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da labarin cewa Amazon ya jingine wata manhaja da ya ƙirƙira don tace takardun masu neman aiki, bayan an gano tana rage wa mata maki. Ba wanda ya umarce ta. Takardun shekara goma aka ba ta ta yi koyi da su, mafi yawansu na maza, sai ta ɗauka namiji shi ne ma'aikacin ƙwarai. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke shiga harkar ba da rance da ɗaukar aiki, duk son zuciyar da muka saba yi a benci na'ura za ta haddace shi, ta riƙa maimaitawa ba tare da kunya ba.

Inda aka gwada aka gani

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A 2012, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi ke Gwamnan Babban Banki, aka sa wa bankuna ƙa'ida cewa mata su kai kashi 30 na kujerun daraktoci da kashi 40 na manyan manajoji. Ba dare ɗaya abin ya yi aiki ba. Amma da yake an san za a tambaya, bankuna suka fara duban matan da ke tsakiyar tsani suna tura su gaba. A 2021 kaɗai Nneka Onyeali-Ikpe ta karɓi Fidelity, Yemisi Edun ta karɓi FCMB, Miriam Olusanya ta karɓi GTBank. A 2024 Adaora Umeoji ta karɓi Zenith. Ga kuma Halima Buba da ta shugabanci SunTrust. Waɗannan mata dama suna cikin bankunan shekara da shekaru suna aiki, ƙirgawar ce ta sa aka gan su. Wannan shi ne abin da na ce mai karatu ya riƙe ɗazu.

Mu mutanen Adamawa kuwa ba mu da hujjar cewa mace a kujerar shugabanci baƙon abu ne gare mu. Jami'ar Amurka da ke Yola, wadda ta yi suna a karatun kwamfuta, Margee Ensign ce ta shugabance ta daga 2010 zuwa 2017, wata macen, Dawn Dekle, ta gaje ta. Farfesa Kaletapwa Farauta ta riƙe Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi kafin ta zama Mataimakiyar Gwamna a 2023. A zaɓen wannan shekarar Aishatu Ɗahiru Binani ta kara da gwamna mai ci har sai da aka je zagayen cike gurbi, dubban maza kuma suka bi layi suka zaɓe ta. A Kano ma Maryam Lawan Gwadabe ta kafa cibiyar koyar da fasaha ta Blue Sapphire. Mutanen da suka iya danƙa wa mace jami'a, suka yi tunanin danƙa mata jiha, bai kamata sukundireba ta gagare su ba.

Kammalawa

Maganata ga 'yan'uwana maza ce, don tsanin a hannunmu yake. Mai shagon gyara da ke da yara biyar, ya nemi izinin iyaye ya ɗauki 'yan mata biyu tare, ya ware musu wuri da lokacin tashi, ya koya musu aikin har ƙarshe, in lokacin sallama ya yi ya sallame su da jari kamar kowa. Mai kamfani ya ɗauki takarda ya rubuta mutum nawa ya ƙara wa girma a shekara uku, nawa ne mata a ciki, sannan kafin ya yanke wa ma'aikaciya abin da ya dace da mutuncinta, ya tambaye ta. In an ji labarin aiki ko kwangila a majalisa, a fitar da shi fili kowa ya nema. Mu kuma da muka dawo daga waje muke da sanayya a kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata ta intanet, mu tuna cewa akwai matan aure a Jambutu da Doubeli da Luggere masu digirin kwamfuta a cikin akwati, waɗanda abin da ke tsakaninsu da aiki bai wuce kwamfutar cinya da hasken sola da mutum ɗaya da zai ambaci sunansu ba.

Wanda zai shugabanci NCC ko MTN nan da shekara talatin, yau yana aji shida na firamare ko yana share shagon wani. A cikin yaran da ake ba wannan damar yanzu ne za a zaɓe shi, babu inda za a je a aro wasu. Allah Ya sa mu dace, Ya shirya mana zuri'a maza da mata. Sai mun sake haɗuwa.